Wa Ya Ba Mu Izinin Ɗaure Shi? Waiwaye Kan Tarihin Tsare Masu Taɓin Hankali

   

A ranin shekara ta 2017, daidai lokacin da kwandunan tumatir suka cika bakin titi a Kwanar Gafan, wani ƙanena, ɗan baffana, ya daina barci. Yaro ne mai ƙwazo, ya yi karatu a hannuna a Islamiyya, kuma shi ne ƙarfin gonar mahaifinsa. Sai aka wayi gari yana fita cikin dare yana bin gefen babbar hanyar ruwan da ta taso daga Tiga, yana cewa akwai masu kiran sunansa daga cikin ruwan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura da Bunkure ya san abin da hanyar ruwan nan take yi idan ta cika ta batse: gefenta siminti ne mai santsi, ko mai cikakken hankali in ya zame sai wani ikon Allah. A dare na huɗu muka kama shi mu biyar, muka ɗaure shi da igiyar da ake ɗaure kwanduna a bayan mota. Ni na riƙe ƙafafunsa. Aka kai shi gidan wani malami ya yi kusan wata biyu da mari a ƙafa, abu bai yi sauƙi ba, sannan muka ce masa za a je birni sayen taki, muka zarce da shi asibiti. Baffa ya dangwala yatsa a takarda, aka yi masa allura, aka kwantar da shi mako uku.

Allah Ya ba shi lafiya. Bayan kamar shekara guda muna zaune a bakin gona ya ce mini: "Yaya Malam, ni ban riƙe ku a kan asibiti ba, don na san da ba ku kai ni ba da wataƙila ruwa ya ci ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun daga daren igiya har ranar sallama babu wanda ya dube ni ya gaya mini inda za a kai ni. Ina zaune kuna maganata kamar kuna cinikin akuya." Ban sami amsar ba shi ba. Wannan rashin amsar shi ya tura ni tonon littattafai, don in ga yadda na gabanmu, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka yi da wannan tambaya: yaushe ya halatta a tsare mutum don a yi masa magani ba da son ransa ba, wa yake da ikon yanke wannan hukunci, kuma wa yake bibiyar mai hukuncin?

Mu da muka yi karatun Larabci muna da wata ɗabi'a, da zarar an taɓo maganar asibiti sai mu hau alfahari da asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira. Alfaharin yana da tushe. Ahmad bin Ɗulun ya gina asibitinsa a Misira wajen shekara ta 259 bayan Hijira, kuma a ciki akwai sashen masu taɓin hankali, ana ciyar da su ana ba su magani daga dukiyar waƙafi, a zamanin da galibin duniya ba ta san wannan ba. Maƙrizi ya kawo cewa sarkin da kansa yakan zagaya asibitin duk Juma'a, har ranar da wani majinyaci da ke ɗaure ya roƙe shi rumman, aka ba shi, ya yi ta wasa da shi a hannu, da ya ga sarki ya shagala sai ya jefe shi da shi a ƙirji. Daga nan sarki bai sake komawa ba. Mu lura da abu guda a cikin labarin: mutumin a ɗaure yake. Haka ma Ibnu Jubair, matafiyin Andalus, da ya shiga Dimashƙa a 1184 Miladiyya ya yaba tsarin asibitocinta, likitoci na zagayawa da safe, ana rubuta sunayen majinyata da abin da aka kashe musu, amma ya shaida cewa masu taɓin hankali suna cikin sarƙa. Ke nan sarƙa ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, kuma ba ya daga cikin amanar ilimi mu ɓoye hakan.

Sai dai akwai wata shaida da ta fi jan hankalina, kuma daga bakin wanda ba Musulmi ba ta fito. Biliyaminu mutumin Tudela, Bayahuden da ya ratsa Bagadaza wajen shekara ta 1170, ya siffanta wani babban gida da ake tsare waɗanda hankalinsu ya gushe, ɗaure da sarƙar ƙarfe, ana ciyar da su daga gidan Halifa. Ya ce kowane wata jami'an Halifa sukan zo su bincike su ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ga hankalinsa ya dawo a sake shi ya tafi gida. Wato tsarewar tana da mai duba ta daga waje, tana da wa'adin sake nazari. Wannan duban na wata-wata, ɗan'uwa mai karatu, shi ne ainihin abin da dokokin zamani suka shafe ƙarni biyu suna ƙoƙarin kafawa, kuma shi ne abin da ƙanena bai samu ba a wata biyun da ya yi cikin mari.

Fiƙihunmu ma ta nan ya bi. Babin hajru a Mukhtasar na Shaihu Halil ya fara ne da mai taɓin hankali, kuma ya ɗaura ƙarshen hana shi tasarrufi a kan farfaɗowarsa, wato hani ne mai dalili, idan dalilin ya kau shi ma ya kau. Malamai sun bambance tsakanin wanda ciwon ya lulluɓe shi ko da yaushe da wanda yake zuwa masa yana sakinsa, suka ce na biyun a lokacin da yake cikin hayyacinsa hukuncinsa hukuncin mai hankali ne. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana a miƙa wa masu raunin hankali dukiya, ita ce kuma ta yi umarni a ciyar da su, a tufatar da su, a yi musu magana mai kyau. Mun riƙe hanin da kyau. Umarnin ƙarshe, na yin magana da su, shi muka bari ya faɗi a hanya.

Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa a ciwon ajalin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni da kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci. Da ya sami sauƙi sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin maganin, ban da Abbas wanda bai halarta ba. Ba ina ƙiyasta wannan da halin mai taɓin hankali ba ne, Allah Ya tsarkake ManzonSa, shi ne mafi cikar hankali a cikin halitta. Abin da na tsinta a ciki kawai shi ne, waɗanda suka yi abin su ne mafiya ƙaunarsa, da kyakkyawar niyya suka yi, amma hakan bai shafe nauyin ƙetare nunin majinyaci ba. A zamaninmu, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya a zamanta na Jidda a 1992 ta tabbatar da cewa izinin majinyaci sharaɗi ne idan yana da cikakkiyar cancanta, idan ba shi da ita sai a koma ga waliyyinsa, bisa abin da yake maslaha ne ga majinyacin, kuma ba a jiran izini idan rai na cikin haɗari.

Turai ba ta riga kowa tsira daga sarƙa ba. A Faransa ana jingina kwance ta ga likita Pinel, ko da yake mai kula da majinyata Pussin ne ya cire ta a asibitin Bisetir a 1797, kuma abin da ya maye gurbinta riga ce mai ɗaure hannuwa. A Ingila John Conolly ya hana ɗauri a asibitin Hanwel a 1839. Amma a wannan ƙarnin ne kuma suka gina manya-manyan gidajen tsarewa da mutum kan shiga da ƙuruciya ya fito a makara.

Wannan tsarin ne Turawan mulkin mallaka suka kawo mana, kuma ɓangarensa mafi arha suka kawo. An buɗe gidan tsare mahaukata a Kalaba a farkon ƙarni na 20, aka buɗe na Yaba a Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Masanin tarihi Jonathan Sadowsky, wanda ya bi takardun waɗannan gidaje ya wallafa littafi a kansu a 1999, ya nuna cewa wuraren ajiya ne fiye da wuraren magani, gwamnati ba ta son kashe musu kuɗi, kuma da yawan mazaunansu hukuma ce ta kwaso su saboda sun dami jama'a a titi. A 1916 aka yi Dokar Mahaukata, aka sake tsara ta a 1958. A ƙarƙashinta likita yana iya tsare mutum na 'yan kwanaki don ya lura da shi, majistare kuma ya ba da takardar ci gaba da tsarewa. Dokar ta damu da yadda za a shigar da mutum, ba ta damu da yardarsa ko haƙƙinsa na magani ba. A nan Arewa galibi En'e aka bar wa nauyin, inda akan ajiye irin waɗannan bayin Allah a wani sashe na gidan yari ko kusa da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa an rubuta mata rahotanni kan lamarin, na Home a 1928, na Cunyngham Brown a 1938, na Carothers a tsakiyar shekarun 1950, kowanne ya nuna gazawa, gyaran kuwa sai tafiyar hawainiya. Wannan gado bai mutu da tafiyar Bature ba, domin har a 2008 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton masu taɓin hankali da ba su aikata laifin komai ba suna tsare a gidajen yarin Nijeriya.

A tsakiyar wannan duhu akwai fitila guda da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, bayan ya dawo daga horo a Landan, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon ya kulle majinyata, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki, kowane majinyaci tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko inna ko wa, da rana a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya yaƙe su. Sa'a ta zo masa da cewa a 1952 an gano maganin farko mai kwantar da irin wannan ciwo a Faransa. Duniya ta zo ta koyi darasi a Aro, shi kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk lokacin da na karanta labarin nan sai in ce, ai abin da zuri'a irin tamu ta fi iyawa ke nan, zaman jinya. Me ya hana mu?

A nawa ganin, a yankinmu har noman rani yana da hannu a ciki. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, rani lokacin sararawa ne, akwai hannuwa a gida da za su zauna da marar lafiya. Da ruwa ya zo, alhamdu lillahi arziki ya zo, amma shekara ta zama ba ta da hutu: daga shinkafar damina sai tumatir da alkama da albasa, ranar da ruwa ya zo layinka kuwa in ka yi sake ka yi asara. Baffana bai ɗaure ɗansa don ƙiyayya ba. Ya ɗaure shi ne don babu wanda zai bar gona ya tsare shi, ga ruwa a bayan gida, ga asibitin Dawanau can gaba da birni, ga kuɗin mota da na magani, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200. Ga kuma ƙwayoyin da wasu 'yan ƙwadago ke sha don su jure aikin gona, waɗanda suka sa iyaye suka daina bambance marar lafiya da ɗan shaye-shaye da kangararre, kowa a tura shi gidan mari.

Ƙarshen wannan hanya kowa ya gan shi a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Aka sake samun irinsa a Daura da Katsina da wasu garuruwa, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28, ta ce ta ga ɗauri a wuraren Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da cibiyoyin gwamnati. Na ji wasu 'yan'uwa a lokacin suna cewa makirci ne don a ɓata sunan makarantun allo. Ni malamin Islamiyya ne, na san zafin a yi mana kuɗin goro, amma na ga ƙafar ƙanena bayan an cire mari, ba Bature ne ya yi wannan gyambon ba. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, shekara 20 bayan an fara gabatar da ƙudirinta a majalisa a 2003. Ta soke dokar 1958, ta ambaci haƙƙoƙin majinyaci, ta gindaya sharuɗɗan kwantarwa bisa tilas, ta kuma tanadi kwamitin da zai duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Wato mun dawo, a takarda, inda jami'an Halifa suke a Bagadaza.

To, me binciken zamani ya gano game da tilas ɗin kanta? Hujjar da kowa ke kafawa, likita da baffa, ita ce idan ya warke zai gode mana. Masu bincike sun gwada wannan magana. A Ingila, Stefan Priebe da abokan aikinsa sun bi sawun waɗanda aka kwantar bisa tilas, suka wallafa a 2009 cewa bayan shekara guda kashi 40 cikin 100 ne na waɗanda aka tambaya suka ce kwantarwar ta dace. A Amurka, jerin binciken MacArthur na shekarun 1990 ya gano abin da ya fi wannan ban mamaki: jin an tilasta wa mutum bai cika bin abin da ke rubuce a takarda ba. Akwai wanda aka rubuta ya zo da kansa alhali barazana ce ta kawo shi, akwai wanda doka ta tsare amma bai ji an zalunce shi ba. Abin da ya fi raba su shi ne ko an saurare shi, ko an gaya masa gaskiya, ko ya ga masu yanke hukuncin don shi suke yi. Lallashi bai bar tabo ba, barazana da ƙarfi su suka bari. Da na karanta wannan sai na ji kamar ƙanena ne ya rubuta musu.

Wani nazari na 2019 da ya kwatanta ƙasashe 22 ya nuna cewa a Italiya, wadda ta fara rufe manyan gidajen tsarewa da dokar 1978, kimanin mutum 15 ne cikin 100,000 ake kwantarwa bisa tilas a shekara, a Ostiriya maƙwabciyarta kuwa sun kai 282. Ciwo ba ya ninka kansa haka don an tsallaka iyaka, doka da al'adar likitoci ne suka bambanta. Kusa da mu kuma, an yi gwaji a wani sansanin addu'a a Gana, aka wallafa a 2018: an ba majinyata magani, alamun ciwo sun ragu, amma kwanakin da suka yi cikin sarƙa ba su ragu ba. Ashe sarƙa takan zauna a zuciyar mai ɗaurewa bayan dalilinta ya tafi. Sai dai gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Badun da Kumasi, wanda ya fito a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu addu'a da masu maganin gargajiya, majinyata sun fi samun sauƙi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu ruƙya, domin ƙofarmu ake fara bugawa kafin ta likita.

Ba na cikin masu cewa a haramta tilas gaba ɗaya, ko da yake akwai masu wannan ra'ayi a cikin masu fassara yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa. Na tsaya a bakin ruwan nan da tsakar dare, na san kare rai yana gaba. Amma lalura a shari'a ana auna ta ne da gwargwadonta. Daren igiya lalura ne. Wata biyu na mari ba lalura ba ne, ƙaryar sayen taki ma ba lalura ba ce, sauƙi muka nema wa kanmu.

Bayan waccan hira ta bakin gona, na koma wurinsa da takarda da alƙalami na ce ya faɗa mini abin da yake so a yi idan ciwon ya sake dawowa. Daga baya na tarar masu bincike ma sun san wannan dabara, har wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje ya nuna tana rage kwantarwar tilas da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce a fara kiran kawunsa, don shi yake jin maganarsa. Ya ce a gaya masa inda za a je ko da zai yi gardama, kada yara su gani, kada a sake kai shi inda ake sa mari, kuma a bar masa carbinsa. Ya sa hannu, baffa ya dangwala, ni na zama shaida.

A damina ta 2021 barci ya sake ƙaurace masa kwana uku. Kawu ya zo da asuba ya zauna da shi a zaure, ya ce: "Ɗana, alƙawarin nan da ka ɗaukar mana ne ya zo, asibiti za mu." Ya yi shiru mai tsawo, ya yi kuka, ya zage ni, sannan ya ce a ɗauko masa hularsa. Da ƙafarsa ya shiga mota, kwana tara ya yi aka sallamo shi. Takardar tana nan a wurina, na naɗe ta a cikin Mukhtasar, daidai shafin da babin hajru ya fara.